Wa Ke da Bakin Magana a Wurin Aiki? Daga Taken Ƙasa a Filin Wasa zuwa Gonakin Kura da Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki taƙaddamar 'yan wasan da ke ƙin miƙewa a lokacin taken ƙasa don nuna ɓacin ransu, ta dube ta a matsayin rigima tsakanin ma'aikaci da mai biyansa. Ta bi misalai daga Amurka, ta dawo Nijeriya da Kano, sannan ta auna abin da ta gano da halin 'yan ƙwadago da ƙananan manoma a yankin noman rani na Kura da Bunkure. Matsayarta ita ce, 'yancin magana da ke cikin tsarin mulki ba ya isa ga mutumin da za a iya raba shi da abincinsa gobe da safe ba tare da an faɗi dalili ba.

Gabatarwa

 

Mai kallo yana zuwa filin wasa ne don nishaɗi, shi ya sa yakan manta cewa mutanen da ke jere a tsakiyar fili ana kaɗa taken ƙasa suna bakin aiki ne. Suna da kwantiragi, suna da shugabanni, ana iya yanke musu albashi, ana iya sallamarsu. Idan ɗayansu ya zauna ko ya durƙusa, tambayar da ke fara tasowa a bakin jama'a ita ce ta kishin ƙasa. Amma wadda ke yanke makomarsa daban ce: shin wanda ke biyanka albashi ya sayi bakinka tare da ƙarfinka? Wannan tambaya ta shafi ɗan ƙwallon da ke karɓar miliyoyin daloli, ta kuma shafi matar da ke dashen shinkafa a Kura a biya ta da yamma. A kanta zan yi magana.

Filin wasa wurin aiki ne

A ranar 16 ga Oktoba, 1968, a gasar Olamfik ta birnin Meziko, Tommie Smith da John Carlos, baƙaƙen Amurka da suka zo na ɗaya da na uku a tseren mita 200, sun sunkuyar da kai suka ɗaga dunƙulallen hannu a kan dandamalin karɓar lamba, don nuna adawa da wariyar launin fata. An kore su daga gasar, sun koma gida sun sha wahalar samun abin yi.

Misali na biyu ya fi kusa da zuciyar Musulmi. A watan Maris na 1996 hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta dakatar da Mahmoud Abdul-Rauf na ƙungiyar Denver Nuggets saboda ya daina miƙewa wa taken Amurka, bisa hujjar cewa tutar tana tuna masa zalunci. Bayan wasa ɗaya aka daidaita: zai miƙe, amma zai ɗaga hannu yana addu'a. A ƙarshen wannan kaka aka sayar da shi ga Sacramento, lokacin da ake ba shi a fili ya yi ta raguwa, cikin shekara biyu ya fita daga gasar. Babu takardar da ta ce an hukunta shi saboda maganarsa. Haka irin wannan hukunci ya saba zuwa.

Colin Kaepernick na ƙungiyar San Francisco 49ers, a gasar ƙwallon ƙafar Amurka ta NFL, ya fara zama a lokacin take a watan Agusta na 2016, kan kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙar fata. Wani tsohon soja, Nate Boyer, ya ba shi shawarar ya durƙusa a gwiwa ɗaya maimakon zama, domin hakan ya fi nuna girmamawa ga sojojin da suka mutu. Ya karɓi shawarar daga 1 ga Satumba. Daga Maris na 2017 babu ƙungiyar da ta sake ɗaukarsa. A Satumban 2017 Shugaba Donald Trump ya fito fili ya nemi masu ƙungiyoyi su kori duk wanda ya durƙusa. Kaepernick ya shigar da ƙara cewa an haɗa baki ne an toshe masa hanya, aka sasanta a asirce a Fabrairun 2019. A Yunin 2020, bayan kisan George Floyd, shugaban hukumar NFL ya amsa cewa sun yi kuskure da ba su saurari 'yan wasa ba. Amsa kuskuren bai mayar wa Kaepernick da aikinsa ba.

Abin lura shi ne, tun 1943 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa gwamnati ba ta da ikon tilasta wa ɗan makaranta ya sara wa tuta. Wato doka tana tare da mai ƙin miƙewa. Sai dai kariyar da tsarin mulkinsu ya bayar gwamnati kawai ta ɗaure wa hannu, ba ta hana kamfani mai zaman kansa sallamar ma'aikacinsa ba. Ba a kai Kaepernick kurkuku ba, aikinsa aka raba shi da shi, kuma wannan ya isa ya sa ɗaruruwan 'yan wasa su yi tunani kafin su bi sahunsa.

Masu goyon bayan ƙungiyoyin suna da hujja, kuma Bahaushe ya san ta: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka karɓi kuɗin mutum, ka sa rigarsa, kana cikin filinsa, to ka bi dokarsa, in ka tashi aiki ka je ka yi siyasarka. Ban raina wannan hujja ba. Amma ladan na aski ne, kuma 'yan wasan nan ba su ƙi yin askin ba: an busa usur sun buga wasa yadda aka ɗauke su su yi. Abin da aka nema a wurinsu ƙari ne a kan aikin, wato su nuna da jikinsu cewa sun gamsu da halin da ƙasa ke ciki. Wannan ba ya cikin abin da albashi ke saye.

Yadda abin yake a Nijeriya

'Yan wasanmu ba su cika taɓa taken ƙasa ba. Zanga-zangarsu a kan haƙƙinsu take, kuma a otal ake yin ta. A Disambar 2016, bayan Super Falcons sun doke Kamaru da ci 1 da nema sun ɗauki kofin Afirka, sun ƙi barin otal ɗinsu a Abuja kusan mako biyu saboda bashin alawus, har suka yi tattaki da kwalaye zuwa Majalisar Tarayya a ranar da Shugaba Buhari ya je gabatar da kasafin kuɗi. Sannan aka saki kuɗin. Sun sake yin irin wannan zaman a Faransa a 2019 bayan Jamus ta fitar da su daga kofin duniya. Kyaftin ɗinsu a lokacin, Desire Oparanozie, wadda ta fito ta nemi a riƙa biyan mata daidai da maza, ba ta daɗe ba ta rasa muƙaminta. A Tokiyo kuma, a Yulin 2021, 'yan guje-guje da tsalle-tsalle 10 da aka hana shiga gasa saboda ba a yi musu adadin gwajin ƙwayoyin da doka ta tanada ba, sun fito da kwalaye a ƙauyen 'yan wasa suna kuka da sakacin jami'ansu. Wanda ya yi magana kan siyasar ƙasa kai tsaye, kamar Odion Ighalo da ya ɗauki bidiyo a filin wasa a Faris daren 20 ga Oktoba, 2020 yana Allah wadai da harbin masu zanga-zanga a Lekki, albashinsa daga Manchester United yake fitowa. Da wuya a ji irin wannan daga ɗan wasan gida, kuma dalilin a bayyane yake: yawancin ƙungiyoyin gasar Nijeriya, har da Kano Pillars, na gwamnatocin jihohi ne. A nan mai biyan albashi da wanda za a soka mutum ɗaya ne.

Taken kansa ya shiga rigima a 2024. Cikin kusan mako guda majalisun tarayya biyu suka amince, Shugaba Tinubu ya sa hannu a ranar 29 ga Mayu, aka ajiye taken da ake rerawa tun 1978 aka dawo da na 1960, wanda wata Baturiyar Ingila ta rubuta baitocinsa. Ba a ba jama'a lokacin tofa albarkacin bakinsu yadda ya kamata ba. Tsohuwar minista Oby Ezekwesili ta ce ba za ta rera shi ba. Aisha Yesufu, wadda aka haifa ta kuma tashi a Kano, ta yi zamanta a wani taro ana rerawa. Sashe na 24 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ɗan ƙasa girmama tuta da take, amma bai yanka hukunci ba, kuma sashe na 39 ya ba shi 'yancin bayyana ra'ayi. Sai ga wani ƙuduri daga Kakakin Majalisar Wakilai, Tajudeen Abbas, mai wakiltar Zariya, wanda a cikinsa aka tanadi tarar naira miliyan 5 ko ɗaurin shekara 10 ga wanda ya ƙi rera taken. Jama'a suka yi ca, aka janye shi a ranar 14 ga Agusta, 2024. Janyewar ta yi daidai. Ni ina miƙewa idan ana taken ƙasa, kuma ina koya wa na ƙasa da ni su miƙe, amma miƙewar da tsoron shekara 10 a gidan yari ya haifar ba ta da wata daraja.

Kano ta san wannan rigima tun da daɗewa

A ƙasar Hausa durƙuso ladabi ne, don haka a nan tsayuwa ce ta zama tawaye. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a ranar 8 ga Agusta, 1950, daga cikin abubuwan da magoya bayanta suka yi fice da su akwai ƙin faɗuwa da ƙin tuɓe takalmi a gaban masu sarauta. Da yawa sun sha bulala da ɗauri a kotunan En'e a kan abin da aka kira rashin ladabi. Su ma an ce da su, kamar yadda aka ce da Kaepernick, ba a hana ku ƙorafi ba, amma ba a nan ba, ba kuma ta wannan hanya ba. Malam Aminu Kano kansa sai da ya ajiye aikin koyarwa a Maru a ƙarshen 1950 kafin bakinsa ya zama nasa. Yau muna da filin jirgin sama da asibitin koyarwa masu sunansa, kuma ya kamata mu tuna cewa a lokacinsa an kira shi marar kunya.

A zamaninmu, a Afrilun 2020 Gwamna Abdullahi Ganduje ya sauke kwamishinan ayyuka Mu'azu Magaji saboda abin da ya rubuta a Facebook bayan rasuwar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. A Oktoban 2020 aka dakatar da Salihu Tanko Yakasai, mai taimaka wa gwamnan kan yaɗa labarai, saboda sukar Shugaba Buhari, sannan aka sallame shi a ranar 27 ga Fabrairu, 2021 bayan ya nemi gwamnatin tarayya ta magance matsalar tsaro ko ta sauka, washegarin sace 'yan matan Jangebe. A nan dole a yi adalci. Akwai aikin da maganar ita ce aikin. Wanda aka ɗauka ya zama bakin gwamna ba zai yi mamaki ba idan aka raba shi da kujerar bayan ya soki jam'iyyar gwamnan a bainar jama'a. Abin da ba shi da hujja shi ne tsare shi da jami'an DSS suka yi na kwanaki. Ɗan ƙwallo kuwa, ko malamin makaranta, ko mai gadin ƙofar ruwa, ba a ɗauke shi don ya zama kakakin kowa ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. An ɗaga tutar Rasha a titunan Kano, aka kama har da telolin da aka ce su suka ɗinka. A ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da mutane, ciki har da ƙananan yara da aka kwaso daga Kano da Kaduna, a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a kotu saboda yunwa da galabaita, bayan kusan wata uku a tsare. Sai da duniya ta ga hotunan sannan shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakinsu. Ɗaga tutar wata ƙasa wauta ce, ban goyi bayanta ba. Amma a kwatanta: tsohuwar minista ta ce ba za ta rera take ba, ba abin da ya same ta, kuma daidai ne da ba abin da ya same ta. Yaron talaka ya yi wata uku a kulle.

Kura da Bunkure

Shirin noman rani na Kogin Kano yana shan ruwa ne daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, aikin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Baƙo. An tsara kashin farko ya shayar da kadada 22,000 a Kura, Bunkure da Garun Malam, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Shinkafa, alkama, masara, tumatir da albasar da ke fita daga nan suna ciyar da birane har kudancin ƙasar nan. Masu yin aikin su ne 'yan jinga da 'yan ƙwadagon yini, da 'yan ci-rani, da matan da ke dashe da shiƙa da turara shinkafa, da samarin da ke ɗaukar kwando a Kwanar Gafan, da ma'aikatan injinan gyaran shinkafa da suka cika bakin titin Zariya.

Me doka ta tanadar musu? Dokar Ƙwadago ta 1971 ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku. Aikin yawancinsu ba ya kai wata uku a hannun mutum ɗaya. Sashe na 11 ya ce wanda aikinsa bai wuce wata uku ba, sanarwar kwana ɗaya ta isa a sallame shi, kuma ba ta wajabta faɗin dalili ba. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda aka ɗaga zuwa naira 70,000 a 2024, ta cire masu aikin gona na kaka-kaka, da masu aikin jinga, da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Kafin a yi wa ƙungiyar ƙwadago rajista sai ta tara mutum 50. Gaskiya ne, tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta fara yanke hukunce-hukuncen da ke neman mai ɗaukar aiki ya kawo dalili mai ma'ana kafin kora, kuma wannan ci gaba ne. Amma ma'aikatan banki da na kamfanoni ne ke iya kai kansu can. Wace mai dashe ce za ta bar aikin yini ta nemi lauya?

Saboda haka a gonakin nan ba a buƙatar korar kowa. Wanda ya yi ƙorafi kan kuɗin jinga, ko ya tambayi me ya sa ake sa shi feshin magani ba abin rufe hanci, gobe sai a kira wani. Irin hukuncin da aka yi wa Abdul-Rauf ne, sai dai wannan ba jaridar da za ta buga, ba ajiyar da zai ci kafin ya samu wani aikin.

Ƙaramin manomi ma, duk da ana ce masa mai gona, bakinsa a ɗaure yake ta wasu hanyoyin. Ruwa yana bin gangare ne daga babbar magudana zuwa ƙanana, don haka wanda gonarsa ke ƙarshen layi sai abin da na sama suka rage masa, balle idan yashi da ciyawar kacalla sun toshe hanya. Wanda zai kai wa kuka sau da yawa shi ne mai tsara rabon ruwan, ko mai rubuta sunayen waɗanda za a ba taki da iri, ko dillalin da ya ba shi bashi tun lokacin shuka. Mai tumatir kuwa kayansa ba sa jira. Kamfanin sarrafa tumatir na Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya cin tan 1,200 a rana, ya sha tsayawa saboda annobar tsutsar tumatir da ƙarancin kaya da rashin daidaitawa kan farashi. Idan ya tsaya, manomi ya koma hannun mai saye ɗaya ko biyu a bakin titi, kuma mai kwandon da zai ruɓe kafin gobe ba ya iya musu.

Manoman rani a Arewa suna da dalilin tsoro da ya wuce wannan. A Afrilun 1980 manoman Bakolori, kusa da Talatar Mafara, sun tare hanyoyin aikin madatsar ruwa saboda an karɓe gonakinsu ba a biya su diyyar da ta dace ba. 'Yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka ƙona ƙauyuka. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, manoman da masu binciken da suka bi sawu suka ce waɗanda suka mutu sun kai ɗaruruwa. Duk mai nazarin shirun manomi a irin waɗannan wurare ya sa Bakolori a cikin lissafinsa, kada ya rubuta cewa mutane sun gamsu don kawai ba su yi magana a gaban jami'i ba. Wannan gargaɗi ne gare mu masu yawo da takardun tambayoyi.

Abin da nake roƙo

Ba sabon sashe muke buƙata a tsarin mulki ba. Majalisar Tarayya ta gyara Dokar Ƙwadago ta yadda ba za a sallami ma'aikaci ba sai da dalilin da ya shafi aikinsa ko halinsa a wurin aiki, a kuma rubuta ƙarara cewa ra'ayin da aka bayyana cikin lumana, har da zama shiru a lokacin take, ba dalili ba ne, sai ga wanda aikinsa shi ne magana da yawun hukuma. Wannan ma'auni yana cikin Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda har yau Nijeriya ba ta rattaba wa hannu ba. Ƙungiyoyin ƙwallon da jihohi suka mallaka su sa irin wannan sharaɗi a kwantiragin 'yan wasansu.

A Kura da Bunkure kuwa ba sai an jira Abuja ba. An riga an kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, an kuma ƙarfafa su a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa wajen gyaran magudanai. A ware kujeru a shugabancinsu ga manoman ƙarshen layi da mata. A kafe jadawalin rabon ruwa da jerin sunayen masu karɓar tallafi a inda kowa zai gani, domin wanda aka cire bayan ya yi magana ya samu abin nunawa. Hakimai da dagatai da limaman Juma'a, waɗanda suka san hukunce-hukuncen ijara fiye da ni, su buɗe zaman sauraron ƙorafin ɗan ƙwadago kamar yadda suke sauraron rikicin iyakar gona. Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya reshen Kano, wadda ke da ƙarfin rufe sakatariya idan an taɓa albashin ma'aikatan gwamnati, ta taka zuwa Kura, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya daga birni ba, ta fara rubuta sunayen 'yan jinga da matan da ke dashe kafin noman rani mai zuwa.